Tsotso Huɗu Na Ƙirga Mata

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, domin labarin ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma waɗanda ya shafa suna raye.

Shekara takwas da suka wuce ni mace ce da ake gaishe ta da Hajiya tun daga ƙofar gida har cikin kasuwar Zahir. A Makka aka haife ni. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya bi ta Chadi da Sudan, ya zo aikin hajji bai koma ba, don haka muna da takardar 'yan ƙasa. Wanda ya zauna a nan ya san wannan takarda ita ce bambancin mai barci har da minshari da mai barci da ido ɗaya a buɗe. Sana'ata abinci ce. Kowace shekara nakan karɓi aikin ciyar da alhazan gida a Arfa da Mina, da mata fiye da ashirin a ƙarƙashina, kuma ba a taɓa cewa tuwona ya kwana ko miyata ta yi tsami ba. Mijina yana da shagon turare da dardumar salla. Muna da rufin asiri har da ƙari. Abin da ba mu da shi ɗaya ne: shekara goma sha ɗaya da aure, ɓari shida, babu ɗa ko ɗaya da ya yi kuka a ɗakina.

Bayan ɓari na shida likita ta zaunar da ni ta ce ƙwaina lafiyarsa ƙalau, mahaifar ce ba ta riƙe ciki, kuma in na sake gwadawa ina iya tafiya tare da shi. Ban gaya wa kowa ba sai mijina. Wata ƙawata ce daga baya ta raɗa mini cewa akwai ƙasashen da ake haɗa ƙwan mace da ruwan mijinta a asibiti, a dasa a cikin wata matar, ta ɗauka wata tara, ta haihu, a biya ta, a ba ka ɗanka. A nan ƙasar ba a yarda da shi ba, kuma na san dalili. Da na kawo wa mijina maganar, ya ce mu fara tambayar malami. Na ce masa a'a. Ya tambaye ni don me, na ce don na san amsar da za a ba mu. Ya dube ni, ni kuma na yi ta kuka har kwana uku, sai da ya ce in yi abin da na ga dama. Mutumin kirki ne, amma bai iya ganin hawayena ba, ni kuma na san haka, da shi na yi amfani.

Kamfanin da ke wannan harka a wata ƙasa ta gabashin Afirka yana da matansa da yake bayarwa, amma ni na ce ba zan zuba jinina a cikin wadda ban san abin da take ci ba. Ina son Musulma mai salla, wadda na san hannunta. Nan take wata mata ta faɗo mini a rai. Zan kira ta Mai Tuwo, domin ita ce ke tuƙa mini babbar tukunya a Arfa, wadda mata biyu ke haɗuwa a kanta su gaji. Daga wani ƙauye take can gida. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, ta bar su wurin mahaifiyarta ta zo umara, ta zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama. Shekara shida tana wanke-wanke da aikatau a gidajen mutane, tana sauya hanya in ta hango motar jami'ai. A lokacin ta gaji, ta ce za ta miƙa kanta a mayar da ita gida, ko da hannu rabbana ne. Mace ce mai ƙarancin magana, in an yi mata wasa sai ta rufe baki da gefen mayafi ta yi dariya.

Na kira ta gidana, na zaunar da ita a kan kujerar da ba ta taɓa zama a kai ba, na zuba mata shayi da hannuna. Na yi mata bayanin abin da nake so. Tambayarta ta farko ita ce ko mijina zai kusance ta. Na ce ko ganinsa ba za ta yi ba, aikin likita ne. Ta biyun ita ce ko halal ne. A nan na yi ƙaryar da har yau take ci mini rai: na ce malamai sun yi saɓani. Sannan na kawo mata misalin da na kwana ina gogewa. Na ce ai ta san badal, yadda mutum ke yi wa wanda ba shi da lafiya aikin hajji, ya sha rana ya sha turmutsutsu, amma hajjin na mai shi ne. Na ce wannan ma badal ne, ciki za ta ɗaukar mini. Ta yi ɗan murmushi ta ce ai kuwa mai yin badal sai wanda ya riga ya yi nasa, ita kuma ta yi nata har sau uku. Na yi dariya na ɗauka ta yarda da hujjata. Yanzu na san ba hujjata ta duba ba. Abin da na ce zan ba ta ne ta duba, wanda ya fi abin da za ta tara a aikin hajji goma. Ni kuwa sarƙar zinare ɗaya da awarwaro na sayar, ko girgiza ban yi ba.

Kafin ta tafi na ɗauke ta muka je Harami bayan la'asar. Muka yi ɗawafi, muka samu wuri muka zauna muna fuskantar Ka'aba, na ce ta rantse ba za ta taɓa gaya wa kowa wannan magana ba, ko uwar da ta haife ta. Ta ce Hajiya, ai ko ba rantsuwa ba za ta tona mini asiri ba. Na ce na sani, amma ta rantse. Ta ɗaga ido ta kalli Ɗakin, ta rantse. Na zaɓi wurin ne da gangan, domin na san irin su. Mutumin ƙauye da ya rantse a gaban Ka'aba, ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai warware ba.

Ta miƙa kanta aka mayar da ita ƙasarta, ba ta ƙarasa ƙauye ba, na sa aka yi mata fasfo a birni ta wuce can inda asibitin yake. Danginta suna zaton tana Makka. Dashen farko bai kama ba, na biyu ya kama. Da cikin ya kai wata huɗu na bi ta, na ce wa dangina ciki gare ni, likitoci sun ce in je waje a kula da ni. Abaya ba ta tona asiri, kuma in za a kira ni a waya ta bidiyo nakan cusa ƙaramin filo. An ajiye ta a wani gida tare da mata kusan goma, kowace da cikin wani. Na lura da wani abu a gidan nan da na ƙi tsayawa in yi tunani a kansa: masu ɗaukar cikin duk da silifas suke yawo, masu zuwa dubiya duk da mota muke zuwa. Ban taɓa ganin an yi akasin haka ba. Kullum ina kanta, ci wannan, bar wancan, kada ki tsuguna, kada ki yi azumin nafila. Ita kuwa ba ta taɓa musa mini ba. In abin cikin ya motsa sai ta kamo hannuna da sauri ta ɗora, ta ce Hajiya ji baƙuwarki tana gaisuwa. Tun ba a duba ba ta ce mace ce, wai ta san zaman mace a ciki.

Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi mata tiyata. Mace ce kuwa, 'yar ƙarama, kamar a sa ta a tafin hannu. Aka miƙo mini ita, na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Amma yarinya ta ƙi kwalba. In an matsa mata ta sha madarar gwangwani sai ta dawo da ita, jikinta ya fara saki. Ma'aikaciyar jinya ta ce a kai ta wurin wadda ta haife ta ta sha nonon farko, in ba haka ba sai an sa mata ƙarin ruwa. Mu da muka yi makaranta a Makka, abin da aka koya mana shi ne shayarwa biyar masu ƙosarwa su ne ke mayar da mace uwa, 'ya'yanta su zama 'yan'uwan wanda ta shayar. Ku duba wautata. Wata tara yarinyar nan tana kwance a ƙarƙashin zuciyar matar nan, tana ci daga jininta, wannan bai tsorata ni ba saboda na sa masa suna badal. Nono ne ya tsorata ni, domin shi na san hukuncinsa, ba ni da sunan da zan rufe shi da shi. Sai na ce a raina, biyar ce iyaka, to zan tsaya a huɗu.

Na kai ta da kaina na tsaya a bakin gadon. Mai Tuwo ba ta iya ko tashi zaune saboda ɗinki, aka jingina mata yarinyar a ƙirji, ta kama kamar dama can sun yi alkawari. Na lanƙwasa yatsa ɗaya a cikin hannun abayata. Da rana na lanƙwasa na biyu, da yamma na uku. Washegari da hantsi aka yi na huɗu. Yarinya ta sha ta ƙoshi, ta saki da kanta, ta yi barci bakinta da ɗigon nono, ita kuma tana shafa mata kai da yatsa biyu. Na sa hannu na ɗauke ta. Na riga na sa an nemo wata madarar mai tsada wadda cikinta ya karɓa, na kuma gaya wa mutanen kamfanin kada a sake haɗa su. Mai Tuwo ba ta yi kuka a gabana ba. Ta dai tambaye ni wane suna za a sa mata. Na ce ba mu yanke ba tukuna, alhali tun cikin yana wata biyar na zaɓa.

Kwana goma sha biyu da tiyata na sa aka saka ta a jirgi. Sauri nake ta yi nisa. Babu wanda ya yi mata wankan jego, babu wanda ya dama mata kunun kanwa, ta tafi tana dafe da ciki da ƙirji a kumbure. Ni kuma da takardu suka kammala da sunana a matsayin uwa, na dawo Makka aka yi walimar da unguwa ba ta manta ba. Mahaifiyata ta tare a gidana tana dama mini kunu, tana gasa mini nama da yaji, tana faɗa wai ban ci da yawa shi ya sa nono bai zo ba. Na zauna na cinye jegon wata, ina miƙe ƙafa ana yi mini sannu.

Bayan wata biyu saƙon muryarta ya shigo wayata. Ta gaishe ni, ta tambayi baƙuwa, sannan ta faɗi abin da ya faru. Ranar da ta isa ƙauye mata sun cika gidan ana yi wa mutuniyar Makka barka da zuwa, ana karɓar dabino da zamzam. Jaririn wata maƙwabciya ya tsala kuka, sai nono ya kawo mata, ya jiƙa gaban rigarta sharkaf a idon kowa. Mace mai shekara shida ba miji. Kafin magariba labari ya gama gari cewa ta yi cikin shege a ƙasa mai tsarki ta yar da ɗan. Mahaifiyarta ta shigar da ita ɗaki, ta ga ɗanyen ɗinki, ta yi mata tambaya biyu: na wane ne, kuma ina yake. Ta ce ba ta iya faɗa. Tun daga ranar tsohuwar ta daina cin abin da ta dafa, ta daina amsa gaisuwarta. A ƙarshen saƙon ta ce ba ta neman komai a wurina sai abu ɗaya, in sake ta daga rantsuwar ta gaya wa mahaifiyarta kaɗai, ita kaɗai, ko gari bai sani ba.

Na saurari saƙon sau uku, sannan na tura mata kuɗi na ce ta ƙara haƙuri. Ina da dalilaina, kuma a lokacin sun yi mini kama da hankali. Tsakanin ƙauyensu da Makka ba nisa, duk shekara sai wani nasu ya zo, magana kuma in ta fita daga baki ɗaya ta zama ta gari. In ta iso nan, takardun yarinya za su shiga matsala, mijina zai shiga, dangi za su san filo na ɗauka, 'yata ta tashi ana nuna ta da baki. Wato na auna mutuncina da nata a sikeli, kuma ni ce mai riƙe da sikelin. Cikin shekara biyu sau uku ta sake roƙona. Na ukun ma ban buɗe ba, na ga tsawonsa kawai na san abin da ke ciki, na sake tura kuɗi. Na mayar da ita kamar mai bara, alhali ba ta taɓa roƙona ko sisi ba.

A Arfa asirina ya tonu, a tsakanina da kaina. Ranar tsayuwa ce, rana ta take, muna ta zuba abincin alhazai a mazubi. Cikin sababbin ma'aikatana akwai wata 'yar yankinsu, mai surutu kamar rediyo. Ta ji ana cewa tun da Mai Tuwo ta tafi ba a samu mai tuƙi irinta ba, sai ta kama baki ta ce ai wannan ba a ambatonta a gari, ta kwashe labarin shegen da aka yar a Makka ta zuba, har da ƙarin gishiri. Ta ce ko watan jiya da uwarta za ta rasu sai da ta bar wasiyya kada 'yar ta taɓa gawarta, maƙwabta ne suka yi mata wanka, ita tana zaune a waje. Matan suka yi ta salati suna Allah ya kiyaye. Ni ina tsaye da ludayi a hannu. A ko'ina cikin filin mutane sun ɗaga hannu suna kuka suna neman gafara, ni kuwa na kasa ɗaga nawa, don na san wadda zan fara neman gafararta ba a sama take ba, tana wani ƙauye ana tofa mata yawu saboda ni.

Da muka sauko daga aiki na tura mata saƙo. Na yi mata ta'aziyya, na ce na sake ta daga rantsuwar, ta gaya wa duk wanda take so. Sai bayan kwana biyu ta amsa, muryarta a kwance, ba faɗa ba kuka. Ta ce ta gode, amma wa za ta gaya wa yanzu? Wadda take so ta sani tana ƙarƙashin ƙasa, sauran gari kuwa ko ta faɗa za su ce ta ƙirƙiro ne. Sannan ta ce akwai abin da ta daɗe tana so in sani. Ta ce a asibiti ta ga hannuna yana motsi a cikin abaya, ta san ƙirga nake yi, ta kuma san inda zan tsaya. Ba ta yi mini gardama ba ne don a garinsu ba a ƙirgawa. Malamansu sun koya musu cewa ko tsotso ɗaya ne, in dai ya isa cikin yaro, shayarwa ta tabbata. Ta ce tun a na farko ta san ta zama uwar yarinyar a wurin Allah, sauran ukun kyauta na ba ta. Ta roƙe ni in gaya wa 'yarta wata rana cewa tana da yayye uku, kada duniya ta haɗa su ba su san juna ba.

Na je wurin wata tsohuwar malama a unguwarmu wadda ta yi karatunta a gida kafin ta zo nan, na tambaye ta a kaikaice kamar maganar wata ce. Ta ce haka ne, a karatun mutanenmu na can ko ɗigo ɗaya ya wadatar, biyar ɗin karatun nan ne. Sannan ta dube ni ta ce, amma wadda ta ɗauki ciki ta yi naƙuda, wa yake tambayar sau nawa ta shayar? Na tashi na fita.

Abin da na koya shi ne, yardar mai yunwa ba yarda ba ce cikakkiya. Na daɗe ina faɗa wa kaina ban tilasta ta ba, ta sa hannu da kanta, na biya ta fiye da yadda aka saba. Duk gaskiya ne. Amma da ita ce mai takarda da zinare, ni ce mai gudun motar jami'ai da marayu uku, da cikina aka shiga, kuma da ba ta same ni da wahala ba. Ina kira ga 'yan'uwana mata da Allah ya jarrabce su da rashin haihuwa, na san zafin, na sha shi shekara goma sha ɗaya. Amma duk maganin da sai kin ɓoye wa malami, sai kin nemo wadda ta fi ki talauci, sai kin sa ta rantse, to ki tsaya, akwai wadda za ta biya abin da ba ya cikin yarjejeniya. Ke kuma da za a zaunar a kujera mai laushi a zuba miki shayi, ki tambayi abin da zai biyo ki gida bayan an sallame ki.

'Yata tana da shekara bakwai yanzu, tana da wayo, tana rufe baki da mayafi in za ta yi dariya, ban san inda ta samo ba. Har yau ban gaya mata ba, kullum ina cewa sai ta ƙara girma, kuma na san wannan ƙara haƙurin ne na dā ya sauya riga. A makaranta an koya musu addu'ar da ake yi wa iyaye. Duk bayan salla sai ta ɗaga 'yan hannayenta ta roƙi Allah ya ji ƙan mahaifiyarta kamar yadda ta ɗauke ta tana ƙarama, sannan ta juyo ta ce in ce amin. Ina cewa amin. Amma na san inda addu'ar take zuwa.